Jar Kuɓewar Masinja

Ranar da aka kwance wa Inna bandejin ido na biyu, abin da ta fara gani tangaran shi ne tabon mai a wuyan rigar 'yarta. Ba ta tsaya gode wa likita ba. Ta miƙa hannu ta damƙi wuyan rigar ta ce, "Auta, haka kike shiga cikin mutane?" Auta ta fashe da dariya har da ƙwalla, domin shekara shida ke nan rabon da uwarta ta ga laifin rigar wani. Yanar ido ce ta rufe mata idanu a hankali, har duniya ta koma mata kamar ana leƙenta ta bayan labule. Mutane da murya take gane su, shuka kuma da hannu.

Likita ya kafa mata sharuɗɗa: ban da sunkuyo, ban da ƙura, ban da hayaƙi, ban da ɗaukar abu mai nauyi. Wato dai ban da lambu. Sati huɗu ta yi a gidan Auta tana zaman baƙunta, ana ɗiga mata magani safe da rana da yamma, ita kuwa hankalinta na can wurin karan kuɓewa guda bakwai.

Sai an san labarin karan nan kafin a ce tsohuwa ta cika rigima a kan ganye. Bayan tsoffin gidajen ma'aikata akwai wani fili da aka yanka gida-gida aka raba wa 'yan fansho. Kowa taku ashirin a tsaye, goma sha biyu a kwance, da turaku da igiya a tsakani, da famfo guda ɗaya a tsakiya wanda rigimarsa ta fi ruwansa yawa. Fili na farko daga ƙofa shi ne na mijin Inna, wanda kowa ke kira Masinja. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kai ambulan daga wannan ofis zuwa wancan a kan keke, cikin rigar kaki, kuma ko sau ɗaya takarda ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Da ya ajiye aiki sai ya jingine keke ya ɗauki fartanya. Damina uku ke nan da rasuwarsa.

Bai bar abin a zo a gani ba. Rigar kakin ma, wadda Inna ta so ta adana, ta ɓace tun yana da rai, ta ɗora wa mai wanki laifi ta sallame shi, bawan Allah yana rantsuwa tana rufe ƙofa. Amma ya bar jar kuɓewa. Mahaifiyarsa ce ta ba shi irin, ƙulle a bakin hankici, ranar da zai bar gida neman aiki. Doguwa ce siririya, ja har kara da jijiyar ganye, kuma takan wuce tsawon tafin hannu ba ta yi tauri ba. Ba a samun irinta a shago, ko an je da buhun kuɗi.

Ga yadda Masinja ke riƙe irin, kuma haka Inna ta ci gaba bayansa. Idan kuɓewa ta fara 'ya'ya, sai a zaɓi kara bakwai mafi ƙarfi. 'Ya'yan fari na waɗannan ba a tsinke su. A ɗaura musu tsumma don kada hannu ya yi kuskure, a bar su su ƙosa, su tsufa, su bushe a kan karansu har ruwa ya ɗauke. Ganye ya zube, kara ya yi baƙi, wurin ya yi muni kamar an yi watsi da shi. Sai ranar da aka girgiza kwanson aka ji yana ƙara kamar ashana a kwali, sannan a fasa, a zuba ƙwayar a kwalba da ɗan toka, a toshe sai baɗi.

Inna ba marowaciya ba ce, a faɗi gaskiya. Kuɓewa kwano-kwano take rabawa a filin nan, amma ɗanya shakaf, wadda ƙwayarta ba ta isa tsiro ba. Iri kuwa, ko ƙwaya ɗaya. Hujjarta ita ce za a shuka ta kusa da koriyar kasuwa, su gauraya, ta lalace. Ungozoma, wata tsohuwa mai kaifin baki da ke da fili can kusa da famfo, sau uku tana roƙo, sau uku ana hana ta, har gaisuwarsu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Duk lokacin da aka yi haka a gaban Masinja, sai ya sosa ƙeya ya yi murmushi ya ce, "To, kin dai ji abin da ta ce."

Bana kuma ruwan farko ya zo da ƙarfi ya wanke shukar fari gaba ɗaya. Inna ta juye abin da ya rage a kwalba ta sake shukawa, har ta buga gindin kwalbar a tafin hannu. Saboda haka duk jar kuɓewar da ta sani a duniya tana rataye ne a kan karan nan bakwai, ɗaure da tsumman tsohon zanenta. Kafin ta tafi asibiti ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta shafa, ta ji saura kamar sati huɗu su yi ƙara. Lissafinta ya yi daidai da na likita, har ta ɗauki abin alheri ne.

Mijin Auta duba-gari ne. Mutum ne mai kirki, mai kunyar surukarsa, wanda ba ya iya wuce gwangwani a hanya bai kife shi ba. Ciyawa idan ta wuce idon sawu, shi gidan sauro yake gani. A motarsa akwai tsintsiya biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Shekara tara yana neman abin da zai yi Inna ta ce masa madalla da bakinta, bai samu ba, domin ita yabo a wurinta shi ne ta yi shiru.

Ranar da likita ya ce an ɗage doka, Duba-gari ne ya ce shi zai kai ta lambu da kansa. Tun a mota Inna ta lura yana murmushi shi kaɗai, yana kallon Auta ta madubi, ita ma tana danne dariya.

"Me ake ƙullawa ne?" in ji Inna.

"Babu komai, Inna," in ji Auta. "Wai akwai abin da ya tanadar miki. Ni ma bai bari na gani ba."

Inna ba ta kula ba. Tana riƙe da kwalbar da ta wanke ta shanya, da ƙullin toka a leda. Abin da ke ranta ɗaya ne: yau za ta ga jan kuɓewar nan da idonta, ko da a busasshen kara ne, bayan shekara shida tana jin sa da yatsa kawai. Ta riga su fita daga mota. Ta tura ƙofar langa-langa, ta cire baƙin tabarau don kada ya rage mata komai.

Sai ta tsaya.

Da farko ta ɗauka ƙofa ta ɓata mata, ko kuma sabon ido ne ke mata wasa. Ta dubi dama, ga tsohuwar randar da Masinja ya binne rabi a ƙasa. Ta dubi hagu, ga kututturen da take zama a kai. Filinta ne. Amma an share shi fes, kamar tsakar ɗakin amarya. Babu kara, babu ganye, babu ko tsinke. An baje kunyoyi an bi su da manjagara, layi-layi. An shafa wa turaku farar ƙasa, an sauya igiya sabuwa. A can kusurwa kuma, inda karan nan bakwai suke, akwai tarin toka mai kyau, an zagaye shi da duwatsu don kada iska ta watsa.

Kwalbar ta suɓuce daga hannunta ta faɗi a ƙasa mai laushi, ko fashewa ba ta yi ba.

"Kun gani, Inna?" in ji Duba-gari daga bayanta, muryarsa cike da farin ciki. "Asabar biyu na yi a kai. Wurin ya zama daji, wallahi. Busassun kara, tsummokara a rataye ko'ina, ga gwangwanaye. Na ce ba za ku dawo da sabon ido ku tarar da wannan ƙazanta ba."

Inna ba ta juyo ba. Idonta na kan tarin tokar.

"Tsummokaran," ta ce a hankali. "Ina suke?"

"Ai duk na haɗa na ƙone. Da tsakar rana na yi, lokacin babu kowa, don kada hayaƙi ya dami mutane."

Da tsakar rana. Lokacin da duk mai lambun da ke da hankali yana gida a inuwa, babu wanda zai riƙe masa hannu. Ko da gangan ya shirya, ba zai zaɓi lokacin da ya fi wannan ba.

Auta ce ta fara ganewa. Dariyar ta bushe a fuskarta, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi. Kuɓewar Baba." Ta juya ga mijinta. "Irin ne. Waɗanda aka ɗaura wa tsumma, irin ne!"

"Wane iri? Ai sun mutu. Sun bushe ƙayau, har ƙara suke yi da na tuge su."

"Har ƙara suke yi," in ji Inna, kamar mai maimaita karatu.

Ta taka zuwa kusurwar, ta durƙusa, ta zura hannu biyu cikin tokar. Auta na tuna mata sunkuyo, tana tuna mata ƙura, tana tuna mata gargaɗin likita, Inna ko gezau. Ta tona, ta tona, tokar na tashi tana sauka a kan mayafinta. Ta ci karo da guntun kwanso, baƙi ƙirin. Ta fasa shi da farce. Ƙwayoyin na nan a jere yadda Allah ya tsara su, guda tara, ta taɓa ta farko ta zama gari, ta taɓa ta biyu ta zama gari. Ta bi su duka tara, don ba ta iya tsayawa ba.

Duba-gari ya durƙusa nesa kaɗan, ya cire hula. Da ya yi shiru da ya tsira, amma mutum idan ya rikice bakinsa ba ya shawara da shi.

"Inna, ku yi haƙuri, don Allah. Yanzun nan zan je shagon kayan gona. Akwai iri mai kyau a fakiti, har da hoto a jiki."

Inna ta ɗago ta dube shi. Yau ne karo na farko da ta ga fuskar surukinta sosai cikin shekara shida, ta ga ashe har ya fara furfura a gefen kunne. Ta so ta yi masa faɗan da zai tuna har tsufansa. Ta nemi faɗan a cikinta ba ta same shi ba, sai wani rami kawai. Ji ta yi kamar yau aka fito da Masinja daga ɗaki, kuma wannan karon babu abin da ya rage a baya. Hankicin mahaifiyarsa, da keken, da shekara arba'in na ɗaure tsumma, duk ga su a tafin hannunta, baƙi.

"Ka tashi," ta ce. "Wandonka zai yi datti."

Ta miƙe da kyar. Auta ta kawo hannu, ta ture. Ta ce za ta je famfo ta wanke hannu, kuma kada wanda ya biyo ta.

Hanyar famfo ta san ta da tafin ƙafa, ta bi ta sau dubu cikin hazon idonta. Yau ce rana ta farko da take ganin abin da ke gefenta. Lokacin cire masara ne, mafi yawan maƙwabta sun sare karansu a satin da ya wuce sun tara a gefe, filayen sun buɗe har bango. Tana tafe tana kallo ba don tana so ba, sai don sabon ido ba ya jin magana. Ga tattasan maƙwabcinta Kafinta ya nuna. Ga kabewar Tsohon Direba ta haye igiya ta shiga filin maƙwabci, kamar kullum.

A ƙarshen filin Kafinta, can jikin bango inda masara ta saba tsayawa, ta hango wasu busassun kara a tsaye. Ta wuce su da taku biyu, sannan ƙafarta ta tsaya da kanta. Ta dawo. Ta tsallake igiyar mutane, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ratsa ta cikin tattasai har ta isa.

Kuɓewa ce. Doguwa, siririya, kuma duk da bushewa, jan nan na nan a gindin kwanso da gaɓar kara. Ta ƙirga karan, bakwai. Kowane da ƙyalle a ɗaure, ɗaurin nan mai kunne ɗaya da ake zarewa da ja guda. Ƙyallen ya koɗe, rana ta cinye shi, amma ba a yi wa matar masinja bayanin kaki.

Ta ɗaga kai ta dubi filin Tsohon Direba. Jikin bango, kara bakwai, ƙyallen kaki. Ta dubi na gaba, na Malamar Lissafi. Haka. Na Mai Gyaran Rediyo, haka. Ta juya a hankali kamar mai jiri, tana ƙirgawa da yatsun da ke baƙi da toka, yatsun suka ƙare ba ta gama ba. Fili goma sha ɗaya.

"Ɓarayi," ta ce. "Ɓarayin banza."

Mutum ɗaya ne a filin a wannan lokaci, kuma ba wanda Inna za ta zaɓa ba ne. Ungozoma na zaune a kan kifaffen bokiti kusa da famfo, tana tsinke alayyafo a faranti, tana kallon komai tun shigowarsu. A bayanta, kara bakwai sun fi na kowa tsayi.

"Matar Masinja, sannu da jiki," in ji Ungozoma. "Ido ya buɗe, na gani."

"Ya buɗe kuwa. Ya buɗe ya ga abin kunya. Tun yaushe kuke shiga filina kuna sata?"

Ungozoma ta ajiye farantin. "Ni da na karɓi haihuwar rabin unguwar nan, ban taɓa ɗaukar ko sabulun mai jego ba, sai kuɓewarki zan sata? Zauna, kada ki faɗi. Fuskarki ta yi fari."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya."

Ta jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin buhu, inda take ajiye irinta. Ta buɗe, ta tona, ta zaro ambulan mai ruwan ƙasa, irin na ofis, ya yi laushi don tsufa. Ta miƙa mata. Inna ta goge hannu a zane ta karɓa. Shekara shida ba ta karanta komai ba, kuma abin da ta fara karantawa shi ne rubutun mijinta, manyan baƙaƙe masu jingina dama kamar za su faɗi:

Zuwa ga Ungozoma, ta hannu. Ƙwaya ashirin. A shuka bayan masara, nesa da koriya. A ɗaure 'ya'yan fari na kara bakwai. Kada uwar Auta ta ji.

Inna ta karanta sau biyu. Sai ta nemi bokiti ta zauna ba tare da an sake ce mata ba.

"Shi ya kawo?" ta ce.

"Da kansa, a kan keke, har ƙofar gida. Sai da na sa hannu a wani ɗan littafi wai shaidar na karɓa. Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, mu goma sha ɗaya. Kowane ambulan da ƙyalle bakwai a ciki. Duk shekara muna kwancewa mu wanke mu ajiye."

"Yaushe?"

"Shekarar da likita ya faɗa masa maganar zuciyarsa. Ke kuma lokacin kin fara zuba gishiri a shayi. Na ce masa, Masinja, matarka za ta kashe mu. Ya ce, kwalba ɗaya ce, mace ɗaya ce, idonta kuma yana tafiya, ni ma ina tafiya. Ya ce idan ya faɗa miki, sai kin bi mu gida-gida kin ƙwace."

Da ta ƙwace ɗin kuwa, Inna ta san haka sarai. Ta dubi filayen nan kuma. Wani abu ya faɗo mata, kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Shekara biyar ina aiko muku da kuɓewa a kwano. Kuna karɓa kuna godiya, kuna cewa ba ku taɓa cin irinta ba."

"To me za mu ce? Mu ce mun ƙoshi? Tsohon Direba har kuka yake yi a gida, wai kuɓewa ta ishe shi, ga tasa ga taki."

"Kun lalata ta dai," in ji Inna, tana neman abin kamawa. "Kun gauraya ta da koriya."

"Buɗe sabon idon naki ki nemo min koriya ɗaya a filin nan. Tun shekara ta biyu muka daina shuka ta gaba ɗaya, don Kafinta ya ce ƙudan zuma ba su san igiya ba. Ke kaɗai ce ba ki sani ba."

Inna ta juya ambulan ɗin a hannunta. Ruwan famfo na ɗiga a kan dutse. Can bakin ƙofa Auta da mijinta na tsaye inda aka bar su, shi har yanzu hula a hannu.

"Na hango hayaƙin daga gida ranar Asabar," in ji Ungozoma, muryarta ta sauko. "Na zo da gudu, da wannan gwiwar tawa, na tarar an gama. Muka taru muka ce wa zai faɗa miki. Kowa ya ce ba shi ba. Shi ya sa kika ga yau babu kowa, duk sun gudu sun bar ni."

Inna ta dubi karan da ke bayan Ungozoma. Iska ta taɓa su, ta ji ƙarar daga inda take zaune. Sun yi. Yau ko gobe za su fara tsagewa. Ta jira a ce mata ɗebi, ba a ce ba. Ungozoma ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinkar alayyafo.

"Sau uku na roƙe ki," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na ukun ma ina da ita a bayan masara, na roƙa ne kawai in ga ko za ki bayar. Ni sau ɗaya nake so in ji."

Inna ta gyara zama a kan bokitin. Ta taɓa haihuwa ba ungozoma, ta taɓa cire haƙori ba allura, amma ba ta tuna abin da ya yi mata wuya kamar wannan ba.

"Yaya," ta ce, kalmar da ba ta taɓa kiranta da ita ba. "Ki taimake ni da iri."

"Tashi ki zaɓa. Kin fi ni sanin mai kyau."

Ta tashi. Da ta isa gaban karan sai ta rufe ido, don a nan hannu da kunne sun fi sabon ido sani. Ta bi su tana girgizawa. Na huɗu ne ya yi mata ƙarar da take so. Ta kama kunnen ɗaurin ta ja, ƙyallen ya zare ya faɗo a tafinta, sannan ta buɗe ido.

Gefen gaban riga ne. A tsakiyarsa akwai hudar maɓalli, an bi bakinta da baƙin zare, ɗinki ƙanana a matse. Ta san ɗinkin. Wata safiya ce, suna sabon aure, hudar ta yage yana shirin fita, ba ta da zaren kaki sai baƙi. Ya ce za a yi masa dariya a ofis. Ta ce duk wanda ya kai ido har can ba aiki ne ya kai shi ba. Ya sa rigar a haka, ya kuma ci gaba da sa ta har ya ajiye aiki.

"Kada ki murza idon," in ji Ungozoma.

Ba ta murza ba. Ta bar hawayen suka sauko suka yi hanya cikin tokar da ke kumatunta. Kuka take yi, amma dariya na tasowa ta ƙarƙashinsa tana shaƙe ta.

"Munafuki," ta ce wa ƙyallen. "Yana zaune a kan tabarma ina korar mai wanki, bai ce uffan ba. Har cewa ya yi in yi haƙuri, riga ce kawai."

Ungozoma ta fasa mata kwanso shida a mayafi. Ƙwayoyin suka zubo, masu nauyi, ruwan toka, ko ɗaya babu huda. Inna ta nemi ta mayar da ƙyallen, Ungozoma ta ce ta riƙe, ta yi shekara biyar tana ajiye mata shi.

Da ta dawo bakin ƙofa, Duba-gari ya sake durƙusawa. Ya ɗauko kwalbar ya goge ta tas, har ya wanke murfin. Inna ta karɓa, ta zuba toka, ta zuba ƙwaya, amma ba duka ba. Ta tsaya tana kallon abin da ya rage a mayafin, ta daɗe, kamar mai shirin cire wani haƙorin.

"Kana da ambulan a mota?" ta ce.

"Akwai, Inna. Na ofis."

"Kawo."

Ya kawo da gudu. Ta ƙirga ƙwaya ashirin a ciki da yatsunta baƙaƙe, ta lashi bakin ambulan ɗin ta manne, ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, yana kallonta baki buɗe.

"Bayan gidanku, jikin bango, idan ruwa ya sauka," ta ce. "Za ta yi fure, za ta yi 'ya'ya, sannan za ta bushe ta yi muni, da tsumma a jikinta. Za ka riƙa wucewa kullum kana ganinta, hannunka yana ƙaiƙayi."

"Ba zan taɓa ba, Inna. Wallahi ba zan taɓa ba."

"Za mu gani." Ta ƙulle ƙyallen kakin a bakin mayafinta, ta mayar da baƙin tabarau. "Yanzu ka tayar da mota. Akwai wani mai wanki da zan nema, in yana da rai."